Baƙin Zobe a Hoton Inna

Ƙanen mijina yana nan da ransa a Lolo. Ya yi furfura, ya je Makka ya dawo, yara suna rusuna masa a hanya. Ni ban gaishe shi ba tun ranar da aka ɗauki hoton Inna, mahaifiyarsu, kuma ban da niyyar farawa. Masu sulhu sun zo mini kashi-kashi, sun sha ruwan randata sun tashi. Idan na ce musu a kan gilashin kyamara ne, sai su yi murmushi, su ce ashe abin bai taka kara ya karya ba. To bari in faɗi yadda aka yi, kowa ya auna da kansa.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, mai hoto ne. Shagonsa yana Bagudo kusa da tasha, mu kuma muna zaune a bayan shagon. Da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, dattawan gari suka ce daga yau namiji ba ya shiga cikin mata da kyamara, ko biki ake ko suna. Rabin aikinsa ke nan ya tafi, don mata su ne masu son hoto. Ya yi kwanaki yana zaune a ƙofar shago yana korar ƙudaje. Wata safiya ya shigo gida, ya same ni ina tankaɗe, ya ɗora mini kyamara a cinya.

"Ke ad da ikon shiga inda ba ni shiga," in ji shi. "Riƙe ta da hannu biyu, ba ludayi na ba."

Haka na zama mai hoton mata. Ƙanen nasa kuwa, wanda tun yana saurayi yake bin sa da jaka a ƙauyuka yana jiran ranar da za a miƙa masa kyamara, sai ya ga an miƙa wa matar gida. Ya koma gidansu a Lolo ya shiga fataucin shinkafa da fetur a bakin iyaka, amma duk ranar da ya zo ya gan ni da jakar hoto a kafaɗa, sai ya gaishe da bango ya wuce.

Wanda bai taɓa ɗaukar hoton amarya ba zai zaci fuskarta ake nema. Ba haka ba ne. Amarya tana son a ga jere. Tana son gadon ya fito da rumfarsa, kabet ya fito da kwanonin da uwarta ta yi shekaru tana tarawa, a ga samiru, a ga tasoshi, a ga agogon bango, ita kuma tana zaune a tsakiya da ƙawayenta dama da hagu. Hoton nan shi za a aika wa dangi na Kende da Sharabi da na ƙetaren ruwa, su san ba a kai yarinya hannu rabbana ba. Ɗakunanmu kuwa kowa ya san su. Idan ka ja da baya taku kaɗan, ƙeyarka ta sami bango. Saboda haka duk sana'ata a kan abu ɗaya ta tsaya, wato gilashin da zai kwaso ɗaki gaba ɗaya daga bakin ƙofa.

Bayan an bar fim an koma kyamarori masu kati, maigidana ya mallaki guda biyu, duk na hannu, wani mai shigo da motoci daga Kwatano ne ya kawo masa su. Ɗaya ƙarama ce, ba nauyi, ita ce tawa. Ɗaya babba ce, mai nauyi kamar dutsen niƙa, ita ce tasa. Gilashin gaba, wanda masu sana'a ke ce wa lens, shi ma biyu ne, kuma ana kwance shi ana ɗaurawa. Abin da ya rikita mutane daga baya shi ne, gilashina shi ne ƙato, mai faffaɗan baki kamar murfin kwano, gilashinsa kuma ɗan mitsitsi ne, ana iya jefa shi a aljihu. Bakin ɗaurinsu iri ɗaya ne, kowane yana shiga kowace kyamara ya kulle ƙyat.

Ranar da na tambaye shi don me ba za mu yi musaya ba, babba ya bi babba, sai ya ja ni ɗakin baya na shago inda ba taga. Ya kwance gilasan, ya nuna mini cikin kyamarorin. A can ciki, inda fim yake zama a da, akwai ɗan allo mai ƙyalli da ake kira sensa, a kansa haske yake sauka ya zama hoto. Na ƙaramar bai fi kan babban yatsa ba, na babbar ya ninka shi har da ɗori. Sai ya kunna tocila ya haska bango, hasken ya yi da'ira. Ya ce kowane gilashi haka yake zuba haskensa a cikin kyamara, da'ira ce, wani tasa babba, wani tasa ƙarama. Ya manna hankici a tsakiyar hasken, hankicin ya haske duka. Ya ce in ba shi ɗankwalina, ya shimfiɗa a wurin, tsakiya ta haske, kusurwoyi huɗu suka zauna a duhu.

"Kin gani? Gilashinki don ƙaramar sensa anka yi shi. Da'irar haskenai ƙarama ta. In kin aza shi ga babbar kyamara, gehe shina yin baƙi. Nawa kuma da'iratai babba ta. In kin aza shi ga taki, tsakiya kaɗai taka ɗiba, sai ki ga komi ya matso, ɗaki ya ƙi shiga."

Na gwada da idona. Da na ɗaura gilashina a babbar, sai na ga shagon kamar ina leƙe daga cikin tulu, baƙin zobe ya kewaye komai. Da na ɗaura nasa a tawa, kansa da kafaɗunsa kaɗai na samu, hular ma da ƙyar. Muka yi dariya, muka mayar da kowane inda yake, na ɗaura ɗankwalina na koma girki.

Maigidana ya rasu da damina, zazzaɓi ne ya kwantar da shi, hanya kuma ta yanke. Ba zan tsaya a kan wannan ba. 'Ya ɗaya Allah ya ba mu, mace, ya sa mata sunan mahaifiyarsa, don haka duk gidan ba mai kiran sunanta, Inna kuma takwara take ce mata. Tun da ba ɗa namiji, ƙanen yana da rabo a gadon, Inna ma ta ce nata kason a bar shi a hannunsa. Ina cikin takaba aka zauna a zaure, malamai da dattawa da masu ƙiyasta kaya. Ban zarge su ba, mutanen kirki ne, sun saba raba shanu da gonaki da buhunan gero. Aka shimfiɗa kayan shago a tabarma, gilasan a kwance daban domin haka marigayi yake ajiye su. Suka duba, suka ɗaga, suka ji nauyi. Suka ce babba da babba, ƙarami da ƙarama. Babbar kyamara da ƙaton gilashi suka faɗa wa ƙanen, ƙaramar da ɗan mitsitsin gilashi suka zo mini ni da 'yata.

Kawuna ne ya shigo ya gaya mini. Na miƙe tsaye har mayafina ya faɗi. Na ce ya koma ya ce musu an haɗa ba daidai ba, a yi musayar gilasan, ba na neman ƙarin komai. Ya koma. Daga cikin gida ina jin muryar ƙanen.

"Wayo taka son yi mani. Ta ga shi ab babba, shi taka so. Malamai sun raba, ita ta hi su sani?"

Ya san gaskiya. Wannan shi ne abin da nake so a riƙe. Mutumin da ya yi shekaru yana ɗaukar jakar wansa ya san gilashin da ke tafiya da kowace kyamara kamar yadda ya san takalmin dama da na hagu. Dattawan sun yi kuskure, shi kuwa ya ga kuskuren ya yi shiru, ya naɗe shi a rigarsa ya tafi da shi Lolo.

Da na fita takaba na ɗauki jaka na koma aiki, sai na zama abin dariya. In shiga ɗakin amarya, in manna bayana da bango, in duba, ba abin da nake gani sai goshinta da sarƙar wuya. Na koma tsayawa a tsakar gida, a ɗage labule, in ɗauko ta ta cikin ƙofa, sai hoton ya fito rabi bango rabi amarya. Na taɓa ja da baya har na taka murhu a wani gida a Sharabi, wata rana kuma na zauna daɓas a cikin kwatami, mata suna tafa hannu. Dole na riƙa ɗaukar jere gutsure-gutsure, gado daban, kabet daban, ƙawaye biyu-biyu. Suka sa mini suna mai hoton guntu-guntu. Gilashin marigayi ba mugun gilashi ba ne, yana fitar da fuska tas, bayanta ya yi laushi, tsofaffi suna son sa. Amma uwar amarya ba laushi ta tara wa 'yarta ba, kwanoni ta tara. Na aika Birnin Kebbi a nemo mini irin nawa, wanda aka kawo bakinsa bai shiga ba. Mai motocin Kwatano kuma ya daina biyowa ta wajenmu.

Ƙanen mijina kuwa fa? Na yi zaton baƙin zoben zai kunyata shi ya kawo mini gilashina da ƙafarsa. Ina! Ya kafa rumfa ranar kasuwar Lolo, ya rataya labule mai hoton bene da mota, ya gaya wa samarin ƙauye cewa zoben nan sabon yayi ne daga Kwatano. Suka yi ta layi. Masunta da 'yan acaba da Fulani masu sayar da nono, kowa yana son a ɗauke shi cikin zobe. Na je har rumfar bayan shekara ta kewayo, na tsaya gefe ina kallo. Ya ja layi da gawayi a ƙasa, dama da hagu, duk wanda ya tsaya sai ya daka masa tsawa.

"Kak ka wuce layin ga! In ka wuce, duhu na cinye ka."

Da mutane suka ragu na matsa, na gaishe shi, na fito da ɗan gilashin marigayi na miƙa masa. Na ce ya ɗaura a babbar ya gani, zai sami hoto cikakke ba baƙi, ni kuma ya ba ni nawa. Ko karɓa bai yi ba. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Matay yaya, kasuwa ta nan, ba wurin mata na ba. Ki koma gida."

Na koma. A motar Bagudo na yi kuka, wata mai sayar da banda ta zaci rasuwa aka yi mini.

Inna, surukata, Badendiya ce daga wani ƙauyen masunta a ɓangaren Benin, aure ya kawo ta Lolo tun tana yarinya. Hausarta har ta tsufa ba ta miƙe ba. Ina jin haushinta a kan gadon, domin da ta buɗe baki sau ɗaya da an gyara, amma ta ce ita ba ta shiga tsakanin ɗanta da matar ɗanta. Duk da haka ban iya ƙin ta ba, saboda yadda take son takwara. Duk hutu sai an kai mata ita. Tare suke kwana, tare suke juya kifi a kan banda, ta koya mata gaisuwar Dendi da waƙoƙin daka. Abu ɗaya ne Inna ta ƙi a duniya, shi ne hoto. Ɗanta mai hoto ne, surukarta mai hoto ce, amma da ta ga kyamara sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ita ba a ɗaukar ta sai ranar da za a ɗauke ta gaba ɗaya. Marigayi ya yi lallashi har ya gaji, ya tafi bai sami ko ɗaya ba.

Shekaru kaɗan bayan rasuwarsa ɓarin jikinta ya shanye. Ta kwanta a ɗan ɗakinta, ba a iya fito da ita ko tsakar gida, da an motsa ta numfashi yake sarƙewa. Aka aika ƙetare. 'Yan'uwanta mata suka cika kwale-kwale suka zo, ƙannenta tsofaffi da 'ya'yansu, da kifi busasshe da man ja. Ni ma na zo daga Bagudo da takwara, lokacin ta isa shiga sakandare, an yi mata lalle saboda wani biki da muka je. Da safe, ɗakin cike da mata ana ta fofo fofo, gaisuwar Dendi, Inna ta yafito ni da hannun da yake motsi. Na durƙusa kusa da bakinta.

"Ki ɗauke mu," in ji ta. "Dut, da 'yan'uwana, da takwarata. A kai ƙetare a rataye. In ba ni, su san tasu ta. Ubanta ba shi, ni ma ina tahiya. Kak ta je wata rana a tambaye ta ɗiyaw wa ta."

Na san abin da take nufi. Yarinya mace, marainiya, ba wa ba ƙane, dangin uba na nan kusa kuma a hannun mutumin da ba ya ƙaunar uwarta. Inna tana son ta bar mata wata ƙofa a can ƙetaren ruwa, wadda za ta tura ta shiga ba sallamar baƙo. Hoton nan shi ne shaidar. Na dubi ɗakin, na dubi gadon da ya cinye bango guda, na dubi matan. Da gilashin da ke jakata, ko Inna kaɗai ba za ta shiga daga kai zuwa ƙafa ba.

Na fita zaure. Ƙanen mijina yana zaune yana jan carbi. Ban taɓa durƙusa masa ba, ran nan na durƙusa har gwiwata ta taɓa ƙasa. Na ce ba musaya nake nema ba, aro nake nema, ya ba ni gilashin gwargwadon a sha ruwa a ajiye moɗa, in ɗauki hoton da mahaifiyarsa ta roƙa, in dawo masa da abinsa a hannu. Na ce ya dubi Allah, ya dubi wansa da ke kwance a ƙasa. Ya bar ni a durƙushe har ya kai ƙarshen carbin.

"Uwata ta," ya ce. "Ni ka ɗaukar ta. Aje jakag ga nan, kyamara biyu ba ta shiga ɗakin majinyaci."

Ya janye jakata ya tura bayan tabarmarsa. Wannan fa shi ne mutumin da yake cika baki a majalisa cewa haramun ne namiji ya nuna wa matan wasu kyamara. Ya aika a ce mata su yi lulluɓi, ya shigo da babbar kyamara da gilashina a bakinta. Ya shiga tsara mutane. 'Ya'yansa maza ya zaunar a wajen kan Inna. Ƙannenta ya jera a tsakiya bakin gado, 'ya'yansu a ƙasa gabansu. Takwara tana zaune can ƙarshen gado, a kusurwa, ta ɗora ƙafafun kakarta a cinya tana matsa mata, don tun asuba aikinta ke nan. Ya dube ta, ya duba cikin kyamara, ya ce ta zauna nan, wurin ya yi daidai.

Ina bakin ƙofa a bayansa. Na san gilashin nan kamar tafin hannuna, na san inda zoben yake faɗawa a kan babbar sensa. Shi ma ya sani, mai jan layi da gawayi.

Na ce, "Nan duhu na. Matso da ita tsakiya."

Bai juyo ba. "Ke ka riƙe da kyamara ko ni?"

Na kira yarinyar na ce ta taso ta zauna kusa da kan kakarta. Ta yunƙura, sai ya ce idan ta motsa za ta kare fuskar wani. Wata daga cikin baƙin, ba da mugunta ba, ta ce a bar namiji ya yi aikinsa, tsohuwa ta gaji. Idanu suka dawo kaina, matar ɗa tana jayayya da ɗan gida a gaban baƙi, a kan gadon majinyaciya. Na yi shiru, kuma shirun nan yana ci na har yau, amma ba ni na tsara zaman ba. Ya danna. Hasken ya wanke ɗakin. Na ce ya nuna mini bayan kyamara, ya ce batir ya yi sanyi, ya kashe ta. Sai Inna ta ɗago kai da ƙyar.

"Takwara tana ciki?"

"Tana ciki, Inna."

Da kunnena na ji. Ya dubi mahaifiyarsa tana kan gadon mutuwa ya gaya mata haka, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Ta yi murmushi ta mayar da kai. Nan take tari ya sarƙe ta, ya ce kowa ya fita a ba ta iska, ya tsaya a ƙofa. Na yi nufin in ta farfaɗo in shigo da tawa kyamarar a ɓoye, in haɗa fuskarta da ta yarinyar, wannan kam ɗan gilashin zai iya. Ba ta sake dawowa hayyacinta ba. Kafin wata kasuwar Lolo ta ci an kai ta makwancinta.

Ranar sadakar arba'in ya fito da hoton, ya wanke shi babba, ya sa a firam, yana zagayawa da shi ana sa masa albarka. Da ya iso hannuna na riƙe shi da kyau na duba. Inna ta fito, 'ya'yansa sun fito har ana ƙirga haƙoransu, ƙannenta sun fito. A kusurwar dama ta ƙasa ga ƙafafun Inna, ga wasu hannuwa biyu masu lalle sun riƙe su. Daga wuyan hannu zuwa sama baƙi ne ƙirin. Na nuna wa matan da ke kusa da ni, suka ce kayya, ƙaddara ce, na'ura ce ta yi haka. Na ce na'ura ba ta zaunar da kowa a kusurwa ba. Mutanen ƙetare suka naɗe hoton a zane suka sa a kwale-kwale. Na bi su har bakin ruwa da wani hoton yarinyar ita kaɗai, suka karɓa suka yi godiya, amma na ga inda aka cusa shi, cikin kwandon kifi.

Shekaru sun tafi. Wayoyi suka zo, kowace ƙawar amarya ta zama mai hoto, na rataye jakata na koma sayar da atamfa. Takwara ta yi aure a Kende, ta haihu. Da labari ya zo cewa autar su Inna ta rasu a ƙetare, ita ce ta ƙarshe a cikin tsofaffin da suka zo ran nan, sai yarinyar ta ce za ta je gaisuwa, dangin kakarta ne. Ta goya ɗanta ta shiga jirgin ruwa. Da ta dawo ta biyo ta wurina, ta zauna tana kwance goyo, tana ba ni labari kamar na wani ne ba nata ba.

Ta ce hoton yana nan a rataye a ɗakin tsakiya, ya koɗe. Matan gidan duk sababbin fuska ne, matan jikoki da 'ya'yansu. Ta yi musu gaisuwa da Dendin da Inna ta koya mata, suka amsa, sannan suka tambaye ta 'yar wa ce. Ta faɗa. Suka ce su sun san 'ya'yan na Lolo, ga su nan a hoto, suna zuwa ma da Sallah, amma ba su taɓa jin wanda ya rasu ya bar baya ba. Ta tashi ta je bango ta sa yatsa a kusurwa.

"Na ce musu, waɗanga hannuwana na, Mama. Sai wata ta duba ta ce, Allah sarki, hannun yara ai dut ɗaya na. Sunka shimhiɗa mani tabarma waje wurin baƙi, sunka kawo mani ruwa."

Ba ta yi kuka ba. Ta gyara wa ɗanta hula ta sa shi a nono. Ni ce na shiga ɗaki.

Bayan Sallar layya ta shekarar nan, matar ƙanen mijina ta zo Bagudo da wani ƙulli a baƙar leda. Ta ce Alhaji ya ce a kawo mini, babbar kyamara ta daɗe da mutuwa, yana share ɗaki ya ga wannan, ya ce ai nawa ne, a yafi juna, duniya ba wurin zama ba ce. Na kwance ledar. Gilashina ne, ƙura ta cika bakinsa, robar jikinsa ta saki. Na ce ta jira ni. Na ɗauko ƙaramar kyamara daga ƙasan akwati, na goge shi da bakin zanena, na ɗaura, ya kulle ƙyat kamar jiya aka kwance shi. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakina na sa ido. Ɗakin ya shigo gaba ɗaya, gado da kabet da agogon bango, daga wannan bango zuwa wancan, ba ɗigon baƙi ko ɗaya. Takwara ta zo mini yini ran nan, tana zaune can a kusurwa tana ninke kayan ɗanta, ga ta nan cikakkiya daga ɗankwali har yatsun ƙafa.

Ban danna ba. Na kwance shi, na mayar cikin ledarsa, na ƙulle yadda aka ƙullo ta, na miƙa wa matar. Na ce ta gaya masa wadda ta roƙi hoton tana maƙabartar Lolo, ya kai mata can.